Taken Babanmu a Cikin Akwatin Gwanjo

Ƙarfe huɗu da kwata na yamma ne, ranar wata Talata a farkon daminar bara. Mu biyu ne a zauren gidanmu: ni a kan kujerata, sai Inna, mahaifiyarmu, a kan tabarma daga bakin ƙofar shiga cikin gida, inda iska ke ratsawa. Na ukunmu ƙanena ne, autan Inna, wanda ya turo babur cikin zauren a daidai wannan lokacin, da wani abu ɗaure a baya, an naɗe shi da tsohon bargo kamar jariri mai mura.

Ƙanen nan nawa gyaran rediyo yake yi a Malumfashi, ranar biki kuma shi ake ɗauka ya kafa lasifika ya sa wa mata waƙa. Furfura ta riga ta kama gemunsa, amma har yau in ya ga abu mai waya a jiki sai hankalinsa ya bi shi. Ni kuwa awon auduga na yi a wajen Funtua har ƙarfina ya fara ja baya. Karatuna bai wuce firamare ba, amma bakin sikeli ya koya mini cewa komai da layinsa: a sauke buhu, a duba, a auna, a ɗauke. A gidanmu an san ni da haka, kuma ba na jin kunyarsa.

Ya kwance bargon a hankali. Akwati ne na ƙarfe mai launin toka, faɗinsa kamar farantin mai shayi, fentin gefensa duk ya goge saboda hannayen da suka riƙe shi kafin ya iso ƙasarmu. A samansa akwai maɓallan roba masu kusurwa huɗu, an jera su sahu-sahu. Jerin nan kaɗai ne ya burge ni a jikinsa.

"Yaya, ka san mene ne wannan?" in ji shi.

Na ce, "Na san ba buhun taki ba ne. Taki kuwa na aike ka."

"Taki na nan tafe. Wannan sunansa samfila."

Ya yi mana bayani yana shafa shi. Wai da irinsa masu haɗa kiɗa suke aiki kafin kwamfuta ta zo. Yana kama sauti, kowane iri, ya ɓoye shi a ƙarƙashin maɓalli. In ka taɓa maɓallin sai sautin ya fito, in ka sake taɓawa ya sake fitowa, ba ya gajiya. Masu situdiyo na Kano sun koma kwamfuta sun jefa shi lungu, shi kuma ya tsince shi a wurin 'yan gwanjo da araha ƙwarai, wai ko ɗan akuya ya fi shi tsada.

"Wato abin da masu sana'ar suka yar, kai ka ɗauko," na ce.

"Yaya, a ƙasashen da aka ƙera shi yanzu nemansa ake yi ido rufe. Mu ne ba mu san darajarsa ba."

Ya haɗa shi da batir, ya ajiye makirfo a kan benci. Ni kuma na gyara zama, na yi gyaran murya don in fara yi masa faɗa a kan takin. Ashe ya riga ya danna. Kafin in buɗe baki sai na ji gyaran muryata ya fito daga lasifika. Ya sake taɓawa, ya sake fitowa. Ya karɓi ludayin Inna ya ƙwanƙwasa a gindin ƙwarya, ya kama wannan ma, sai ya shiga haɗa su da yatsu biyu: ehem, ƙwas, ehem-ehem, ƙwas. Inna ta yi dariya har ta dafa bango. An daɗe ban ji ta yi irin wannan dariyar ba, shi ya sa na haɗiye faɗan.

Amma na saurara da kyau, na kuma gano wa akwatin aibu biyu. Na farko, duk abin da ya shiga cikinsa da tsakuwa yake fitowa, kamar shinkafar da ba a rege ba. Muryata ce, amma ta yi kaushi, ta yi nauyi, kamar na kwana a cikin rumbu. Na biyu, kowane maɓalli numfashinsa gajere ne. Kafin ka gama sallama ka tambayi mutan gida, ya cika.

"Tsakuwar nan ita ce daɗinsa," in ji ƙanena. "Kwamfuta in ta ba ka ganga, fes take fitowa kamar an wanke ta da sabulu. Wannan kuwa jiki yake ba ta."

"Abu ba ya maimaita magana yadda aka faɗe ta, kuma ba ya jure doguwar magana," na ce. "Ko alƙali ba zai karɓi shaidarsa ba."

Inna ta share hawayen dariya da gefen mayafi. Ni ɗan fari ne, ba ta kiran sunana, ba ta kuma cika yi mini magana kai tsaye ba; ta bakin auta take bi. Ta ce, "Auta, abin nan naka yana riƙe ganga?"

"Kowace iri, Inna."

"To tambayi yayanka, ko zai riƙe taken babanku."



Wanda ya tashi bayan zuwan maganin feshi ba lallai ya san take ba, don haka bari in faɗa a jere. A da, in ciyawa ta fi ƙarfin mai gona, sai ya kira gayya. Maza su taru da fartanyoyinsu, kowa ya kama kunyarsa, mai gangar noma yana biye da su a baya. Kowane manomi da ya isa yana da kiɗansa na kansa, wanda ba a yi wa kowa sai shi. Shi ne take. In makaɗi ya ga bayanka ya fara sanyi sai ya saki takenka, ko numfashinka ya kusa ƙarewa sai ka ji ƙarfi ya zo maka daga inda ba ka sani ba. Babanmu yana da nasa. Mutum ne marar magana, a gida sai ya yini bai faɗi abin da ya wuce gaisuwa da neman ruwan alwala ba. Duk fariyarsa a cikin gangar nan take, wani ne kuma yake yi masa ita.

Ya rasu da daɗewa, gayya ma ba ta jima ba ta bi shi. Yanzu yaro ɗaya da tankin feshi a baya yana gama abin da maza ashirin suke yi, ba ganga ba fura. Mutum ɗaya ne ya rage a duniya wanda taken ke hannunsa: Sarkin Kiɗa, wani tsoho da ke zaune a wata unguwar Maguzawa bayan garin Ƙarfi. 'Ya'yansa suna acaɓa a kudu, babu wanda ya karɓi gula, wato sandar kiɗan, daga hannunsa. Labari kuma ya zo mana cewa hannun nasa ya fara rawa. Inna idonta ya dushe, kunne ne ya rage mata. In tsohon ya ajiye gula, ko kuwa Inna ta riga shi tafiya, shi ke nan, ba ta ƙara jin kiɗan mijinta ba.

Ranar Asabar muka hau babur, ni a baya ina rungume da akwatin, abin da ban taɓa zaton zan yi ba. Muka sami tsohon a gindin ɗorawa yana korar kaji daga shanyar barkono.

"A'a, Akawu!" in ji shi, don haka yake kirana tun ina bakin sikeli. "Yau ma'auni ya biyo hanyar ƙauye? Wa ya jiƙa maka auduga?"

"Lafiya lau, Baba. Gaisuwa muka zo."

"Gaisuwa da akwati? Allah ya sa ba ni za a auna ba, don ba sauran nauyi a jikina."

Na miƙa masa goro, na faɗa masa abin da ke tafe da mu daga farko har ƙarshe. Ya shiga ɗaki ya jawo gangar, babba ce, igiyoyinta sun yi baƙi don tsufa. Ya shanya ta a rana har fatar ta ɗaure, sannan ya zauna a kan kututture ya rataya ta. Ƙanena ya miƙa makirfo. Tsohon ya buga, ya buga, ya tsaya. Ya sake bugawa, ya sake tsayawa. Ya kalli gular kamar ba tasa ba.

"Ba ya zuwa," in ji shi.

Na ɗauka mun makara, tsufa ya cinye abin.

"Kada ka yi mini wannan kallon, Akawu, ba mantawa na yi ba. Ni ban taɓa riƙe taken kowa a kai ba. Bayan ubanku nake kallo. Fartanya ta sauka, gula ta sauka. Ya ɗaga, in ɗaga. Yanzu kun zaunar da ni a inuwa kun zuba mini ido kamar masu jiran koko. Ku ba ni gona, ku ba ni bayan mutum a duƙe, ku ga in bai zo ba."

"Kowane mutum, Baba?" in ji ƙanena.

"Jininsa."

Ƙanena ya shiga naɗe waya da sauri, bai kalle ni ba. "Ai ni dole in tsaya a kan na'ura," in ji shi. "Kuma Yaya ne babba. Komai da layinsa."

Tsohon ya dube ni daga hula har takalmi. "Kafaɗun dai nasa ne," ya ce. "Tumbin ne ban san inda ka samo shi ba."

Muka bar wani ɓangare na gonarmu ta bakin rafi ba feshi, har ciyawa ta yi yadda ake so. Maƙwabta suna wucewa suna yi mini jaje, wai ko tankina ne ya lalace. Da lokacin maimai ya yi, wato noma na biyu, dawa ta kai gwiwa, muka fita da hantsi bayan an kwana ana ruwa. Sawu biyu ƙanena ya yi, na farko tsohon da gangarsa, na biyu akwatin da batir. Laima ɗaya muka zo da ita. Ba tsoho aka riƙa wa ba, ba ni aka riƙa wa ba. Akwatin aka kafa wa, an ɗora shi a kan kifaffen baho a bakin gona kamar ango. Ni kuma, da yake ban yarda da shi ba, na kunna wayata na rataye ta a reshe, don ta ɗauki komai tiryan-tiryan.

Na tuɓe riga, na kama fartanya, na tsaya a kan kunyar farko, na yi bisimilla na duƙa. Na fara sara ban ji komai ba sai kukan tsuntsaye da nishina. Can sai gangar ta faɗo a bayana.

Ba zan iya kwatanta shi a takarda ba, kuma ba zan gwada ba. Abin da na sani shi ne na manta shekaruna. Fartanyar ta yi sauƙi, ƙasa ta riƙa buɗewa kamar jira take, na ji kamar in na ɗaga kai zan ga maza a jere hagu da dama. Sai kiɗan ya yanke.

Na waiwaya, gular tana kwance a kwarin kunya. Tsohon ya durƙusa, ya matse hannunsa tsakanin gwiwoyi, hannun yana karkarwa kamar kazar da ruwa ya daka. "Ɗan banzan hannu," yake ce masa. "Da can kai ne ke roƙona mu ci gaba."

Ya huta, muka sake. Hakan ta sake faruwa, a daidai wannan tsawon. Na miƙe ina riƙe da ƙugu, na fara shirya kalmomin da zan gaya wa Inna. Sai ƙanena ya cire abin sauraro daga kunnensa.

"Baba, tsaya. Inda hannunka yake gajiya, nan ne daidai inda maɓalli ɗaya yake cika. Kai da akwatin nan numfashinku ɗaya. Ka ba ni gaɓa guda in sa ta a maɓalli, ka huta. In ka huta ka ba ni ta gaba. Kamar shan rake, gaɓa-gaɓa. Ni zan haɗa su."

Tsohon ya leƙa ƙarƙashin laimar ya kalli akwatin da kyau. "Ashe shi ma tsoho ne," ya ce. "To ku ba shi goro mana."

Haka muka yi. Wayar makirfon gajera ce, ba ta wuce 'yan taku daga bakin gona. Saboda haka, kuma saboda mutum mai tsari ba ya fara aiki daga tsakiya, duk lokacin da tsohon ya huta sai in dawo bakin gona in kama sabuwar kunya daga kanta. In duƙa, ganga ta biyo ni, hannu ya gaji, ƙanena ya ɗaga yatsa alamar ya kama, in dawo. Tsohon yana ɗorawa daga inda ya tsaya, bai taɓa ruɗewa ba. Da rana ta take sai ya sauke gangar ya ce hannu ya ƙare na yau.

"Baba, shi ke nan duka?" in ji ƙanena.

"Iyakar abin da kuka noma ke nan," in ji shi.

Muka ɗauka amsa ce, muka yi godiya, muka mai da shi gida. Ni kuwa na yi kwanaki ina sallah a zaune, maiɗakina tana shafa mini man zafi tana tambayata ko an ba ni lambar yabo.

Da na iya miƙewa sai na tafi shagon ƙanena na zauna a kansa, don na san halinsa. Ai kuwa na tarar ya ɗauko wata gaɓa daga tsakiya ya kai ta gaba, wai ta fi armashi, yana kuma shirin ƙara mata wani bugu irin na gidan biki. Na ce ya mai da ita inda ya ɗauko ta. Ya ce ta yaya na san layinsu, ni da ban san kiɗa ba. Na ce kiɗa ban sani ba, amma na san kunyoyina. Wannan ta kunyar da ke da kututture ce, waccan ta wadda na sare dawa biyu bisa kuskure, ita kuwa wadda yake so ta kunyar gidan tururuwa ce, shi ya sa take da sauri. Ya yi ta gunaguni, amma ya jera su yadda aka noma su.

Ranar da za mu kunna wa Inna, bayan la'asar, ya kawo babbar lasifikarsa ta biki ya girke a tsakar gida, daf da tabarmarta. Ya danna. Tattabaru suka watse daga kan rumbu. Inna ta yamutsa fuska ta ɗaga hannu.

"Kashe. Wannan hayaniya ce."

Ƙanena ya kashe. Ni kuwa na ce a raina, ga ranar wayata ta zo. Na matsa kusa na kunna mata. Sautin fes, ba tsakuwa ko ɗaya, sai dai a gutsuttsure yake, tsakanin kowane gutsure kuma nishina ne da tsohon yana zagin hannunsa.

"Auta, gaya wa yayanka ya kashe wannan ma. Wa ke mutuwa a ciki?"

"Yaya ne ke noma, Inna."

"Allah sarki. Ku duka kun sa mini ganga a cikin kunne, kamar an kifa mini ƙwarya ana duka. Ni na taɓa zuwa gayya ne? Ban taɓa ganin gangar nan da idona ba. Daga nan nake jin ta, ina bakin turmi, ta ratso gonakin mutane, iska ta kawo ta, iska ta ɗauke. Ku kai abin nan nesa."

Wannan bai taɓa faɗo mana a rai ba, mu da muka tsaya kusa da ita. Ƙanena ya ɗora lasifika da akwati da batir a baro ya tura waje. Ni na tsaya a ƙofar gida ina isar da saƙo. Ya tsaya a bayan katanga ya danna. Inna ta ce ya ƙara gaba. Ya kai gindin rijiya. Ta ce ya ƙara. Ya wuce masussuka, ya shiga hanyar gonaki, mutum mai furfura a gemu yana tura baro cikin taɓo, mutanen unguwa sun fito suna tambayata ko rabon wani abu ake yi a daji. Har masarar maƙwabcinmu ta haɗiye shi, hularsa kaɗai nake hangowa. Na ɗaga masa hannu, ya danna.

Sai ga shi ya taso daga can, da nauyinsa, da kaushinsa, yana zuwa yana komawa tare da iska. Tsakuwar nan da na raina ta gauraya da kaɗawar ganyen masara, har ba ka iya raba su. Ban ji akwati ba, ban ji lasifika ba. Gayya na ji ana yi a wata gona da ba na gani. A wannan wurin kaɗai na yarda da tsakuwar, kuma na faɗa wa ƙanena haka daga baya, sau ɗaya.

Na leƙa cikin gida. Inna ta miƙe zaune, ta karkata kai, hannunta na dama yana sauka a kan gwiwa yana tashi kamar mai riƙe da taɓarya.

"Yauwa," ta ce a hankali. "Ga shi nan."

Na tsaya ban motsa ba. Gaɓoɓin suka bi juna yadda muka jera su, har ta ƙarshe ta wuce, akwatin ya koma ta farko. Hannun Inna ya tsaya a sama.

"Ya koma farko," ta ce. A wannan karon ni ta fuskanta kai tsaye. "Mutumin nan bai taɓa komawa farko ba. Ina saukar?"

"Wace sauka, Inna?"

"In ya fita ƙarshen kunya ya bar maza a baya, gangar takan juya. Da na ji ta juya na san ya fita, sai in ce a ɗauki fura a kai gona. Duk wannan da kuka kawo na maza ne. Wancan ne nawa."

Washegari muka koma bayan Ƙarfi. Ko zama ban yi ba na ce, "Baba, me ya sa ba ka yi mana saukar ba?"

"Ka kai ƙarshen kunya ne?" in ji shi. "Ina tsaye ina kallonka, ka fara wannan ka bari, ka fara waccan ka bari. Ka bar gona kamar kan da wanzami ya aske goshi ya gudu. Ni in yi wa wa sauka? Wa ya sauka?"

Na ce laifin wayar makirfo ne da ta yi gajarta. Ƙanena ya ce laifin mai son farawa daga farko ne. Na ce ko ma dai na wane ne, ai da tsohon ya faɗa mana. Ya ce shi makaɗi ne, ba malamin gona ba.

"To gobe mu koma," na ce. "Zan kai ƙarshe ko da rarrafe."

"Kai kaɗai? Ka wuce wa? Saukar nan ba a yin ta sai mai take ya fita gaban mutane. Sai an yi gayya, maza a jere, jininsa ya riga kowa fita. Kuma kada ku haɗa baki a bar ka ka wuce. Idona ya tsufa, amma ya san mai jan ƙafa da gangan, hannun nan kuma ba ya tashi a kan ƙarya."

Ƙanena ya ce to ya yi masa ita da baki, shi zai yayyanko bugun daga gaɓoɓin da ke cikin akwati ya ɗinka. Tsohon ya buɗe baki ya gwada, ya rufe. Ya ce bakinsa bai taɓa sanin ta ba. Ga shi kuma a lokacin dawa ta riga ta rufe, an yi huɗa, babu sauran ciyawar da za a tara maza a kanta. Dole sai wata daminar.

"In kun daɗe," in ji shi da muka tashi tafiya, "sai dai ku neme ni inda ubanku yake, in yi masa a gabansa."

Yanzu bazara ce, hadari ya fara haɗowa ta gabas. Ƙanena ya sayo waya mai tsawon da za ta kai ƙarshen gona har ta yi saura, ya kuma bar maɓalli ɗaya ba komai a cikinsa, ya manna masa takarda don kada yatsa ya taɓa. Ni duk ranin nan kullum da safe ina fadama da fartanya, tumbin ya ragu, maiɗakina ta daina dariya. Na je na duba tsohon makon jiya, matarsa tana shafa masa man shanu a hannun, yana iya riƙe gula har yanzu, sai dai numfashin ya ƙara gajarta. Inna kuwa ko iska ta kaɗa ƙyaure sai ta tambayi auta ko ruwa ne.

Abin da ya rage maza ne. Na zaga unguwa gida-gida. Matasa sun yi mini dariya, kuma gara da suka ƙi, don in ɗayansu ya riga ni fita, babu saukar da za a yi wa babanmu. Tsarana kuwa wasu sun rasu, wasu gwiwa ta hana. Uku na samu. Na gaya wa Sarkin Kiɗa, ya ce wannan ba gayya ba ce, zaman majalisa ne.

Saboda haka, mai karatu, ga roƙona, zan kuma faɗe shi a jere. Na farko, in kana tsakanin Funtua da Malumfashi, ko ta wajen Danja, kuma bayanka yana iya duƙawa, ka zo mana gayya lokacin noman farko na bana. Ka tambayi masu gyaran rediyo a Malumfashi, za su haɗa ka da ƙanena. Na biyu, ka zo da fartanyarka, ba mu da ta aro. Fura kuwa Inna ta ce ita za ta tsaya a kanta. Na uku, ka yi noma tsakaninka da Allah, kada ka ja ƙafa don tausayina, tsohon zai gane. Na huɗu, kuma shi ne babba: in ba ka kai shekara sittin ba, don Allah ka zauna a gida, ka turo mana babanka.